Duman Kada a Ƙofar Ɗakinmu

A zangon farko na bara, malamin aikin gona ya yanka wa kowane ɗakin kwana fili, ya ce wanda lambunsa ya fi kyau shi zai ci kofi. Muka tara kuɗi muka sayo furannin Turawa daga Kano. Hunturu na shigowa rairayi ya binne su, sauran kuwa awaki suka cinye.

Da na je hutu garinmu Sule Tankarkar, sai na ga duman kada ya shimfiɗu a bakin tafki, ganye kore shar, fure kamar bakin kakaki. Kakata ta ce, "Ɗan nan, yanki ka dasa, duk inda ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa. Amma ka killace shi, dabbar da ta ci makyarkyata take yi."

Ran da na kawo shi, abokaina suka yi ta dariya, wai na kwaso ciyawar juji. Na ƙyale su. Na kewaye shi da ƙaya, kullum ina zuba masa ruwan alwalata. Kafin damina ta yi nisa ya rufe filin, rairayi ya daina shigar mana ɗaki.

Ba mu ci kofi ba. Amma 'yan'uwana, a ƙasar Gumel inda hamada ke matsowa, darbejiya tana tare iska a sama, duman kada yana riƙe ƙasa. Bana ɗakuna uku sun zo roƙon iri.