Yaron da ake ce wa daƙiƙi, wataƙila allo ne ba ya gani

1/ Jama'a, yau maganar ido zan yi, musamman da 'yan uwana na karkarar Dambatta, Makoɗa, Kunci da Bici. Akwai yaran da muke ce wa daƙiƙai alhali ƙwaƙwalwarsu ras take. Allon aji ne kawai ba sa gani. Ku biyo ni.

2/ A wajenmu gona manne take da gona. Yaro zai yi noma, ya kai taki a jaki, ya roro gyaɗa, ba mai gane idonsa na da matsala, don duk aikin a gabansa yake. A makarantar allo ma allon na kan cinyarsa. Sai ya shiga boko, an ajiye shi can bayan aji, sannan a ce ba shi da kai.

3/ Haka ta faru da ƙanwata. A makarantar allo ita ce gaba wajen hadda. A boko kuwa sai ta ƙanƙance ido, ta riƙa leƙen littafin ta kusa da ita. Ta sha bulala ba adadi. Har Inna ta fara cewa a cire ta kawai, tunda bokon ya ƙi.

4/ Kawunmu da ke zaune a Kano ne ya lura ba ta gane shi daga nesa sai ya yi magana. Ya ce, "Yaya, ki ba ni ita a duba idonta." Aka gwada, aka yanka mata tabarau. A hanyar dawowa take ce masa, "Kawu, ashe daga nesa ana ganin ganyen darbejiya ɗai-ɗai?" Yanzu tana sakandare.

5/ Ga yadda abin yake. Haske na shiga ido ya taru a bangon da ke can bayansa, nan hoto ke fita. In ƙwayar ido ta ɗan yi tsawo, sai ya taru kafin ya kai: kusa tar, nesa hazo. In ta yi gajarta, karatu ke kawo ciwon kai. In gaban idon bai lanƙwasu daidai ba, rubutu sai ya yi inuwa. Ba sammu ba ne, awo ne ya kauce, tabarau ke daidaita shi.

6/ Iyayenmu ma da nasu. Daga shekara 40 ido kan fara kasa kama abin da ke kusa. Shi ya sa Inna ke kiranka ka zura mata zare a allura, Baba na miƙa Alƙur'ani can nesa kafin ya karanta. Tabaran karatu kawai suke buƙata.

7/ Wanda ya fi damuna shi ne harara-garke. Muna mai da shi abin tsokana, alhali lokaci yake ci. In ido ɗaya ya karkace, ƙwaƙwalwa sai ta daina aiki da shi, ya yi ta raguwa. In yaro ya wuce shekara 7 zuwa 8, dawo da ganin na da wuya. Da wuri kuwa, tabarau ko rufe lafiyayyen idon na ɗan lokaci ko aiki na iya gyarawa.

8/ Ba mu kaɗai ba ne fa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007, a kan 'yan shekara 40 zuwa sama, ya nuna rashin tabarau ne kan gaba wajen jawo ƙarami da matsakaicin raunin gani a Najeriya.

9/ Masu cewa tabarau na kashe ido: wallahi ba ya kashewa. In ka cire ka ga hazo, hazon da ka saba da shi ne ya dawo. Amma kar a saya wa yaro na faranti a kasuwa, kowane ido da awonsa. Kuma don Allah a daina ɗiga tsimi ko ruwan ganye a ido.

10/ Gwaji a gida: rubuta haruffa a kwali, tsayar da yaro nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya da tafi ya karanta, sannan ɗayan. In ya kasa abin da sa'anninsa ke gani, a kai shi. In kun ga fari a tsakiyar baƙin idon yaro, wannan kam kar a kwana.

11/ A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA da ke aiki tun 1943, da na Makka, da sashen ido na Asibitin Malam Aminu Kano. Jami'ar Bayero ma na horar da masu gwajin ido.

12/ Malaman firamare, kafin ku ɗaga bulala, ku dawo da yaron layin gaba na sati ɗaya ku gani. Ku kuma 'yan uwa, in kun je gida hutu, ku gwada ƙannenku. A tura wa wanda zai amfana. Allah ya bar mu da ganinmu.