Ƙugiyar da ta ɓata a Malanville

A Malanville nake koyar da Hausa, kusa da gadar da ta haye Kogin Kwara zuwa Gaya. Bara na shirya wa ɗalibaina jarrabawa ta intanet. Wata yarinya ta rubuta "baƙi", kalmar ta iso mini "baÆ™i", na soke amsarta, ta fita tana hawaye.

Ashe laifina ne. Wayarta ta aiko da ƙ a tsarin UTF-8, bayit biyu, sabar da na saita kuma ta karanta su da Windows-1252, wanda ya san é ta Faransanci amma bai san ƙugiyarmu ba. Haka haruffan Sinanci ma suke tarwatsewa, uku-uku. A daren na gyara saitin. Washegari na je gidansu, na ba ta haƙuri a gaban mahaifinta.