Mai Zane Ma Ya Na Da Suna

Mai karatu, ka taɓa tambayar wa ya zana bangon littafin soyayyar da ke hannun ka? Ni dai a littattafan da na ke saye a nan Kakuri, ba kasafai na ke ganin sunan mai zane ba.

Rayuwar Rex Whistler ce ta jawo mini wannan tunanin. Baturen Ingila ne, an haife shi a 1905. Shi ya zana hotunan littafin Gulliver's Travels a 1930, da na tatsuniyoyin Hans Andersen a 1935. Ana Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga soja. Ran 18 ga Yuli, 1944, bam ya kashe shi a Normandy ta ƙasar Faransa, ya na da shekara 39.

To, amma ba yabo kaɗai ya bari ba. A zanen bangon da ya kammala a 1927 a ɗakin cin abinci na gidan zane na Tate da ke Landan, akwai yaro baƙar fata da aka ɗaure ana ja kamar dabba. A 2020 jama'a su ka yi ca, har aka daina cin abinci a ɗakin.

Wallahi wannan zanen ya sosa mini rai. Sai dai sunan da ya sa a aikin sa ne ya ba mu damar yaba masa, mu kuma tuhume shi. Namu masu zanen fa? In ajali ya riski ɗayan su, ko da a tarzoma irin ta Kaduna a 2000, shi kenan, babu yabo, babu tuhuma.

Marubuta, don Allah ku riƙa buga sunayen su.