Gardamar dattawa da samari a kan ƙwallo

In damina ta kama, ƙwallon Turai yakan tsaya, kasuwar ƴan wasa ta buɗe. Lokacin ne gardama ke tashi tsakanin masu son Manchester United ta ƙasar Ingila, daga Maradi har Damagaram.

Samari suna da salula. Kowace safiya da sabon labari: za a sayo wane, za a sallami wane. Galibi zancen ba ya tabbata, amma da shi ake wuni a gona. In ƙungiya ta faɗi sau uku a jere, sai su ce a kori mai horo.

Dattawa, waɗanda suka fara jin ƙwallo ta rediyo, ba su yarda ba. Sun ce manomi ba ya tuge gero don bai yi kai ba sati uku da shuka. Suna tuna Alex Ferguson. Ya zo a 1986, bai ɗauki kofi ba sai 1990. An yi haƙuri da shi, daga baya ya ci gasar Ingila sau 13. Saye kuwa ba kullum yake magani ba. An sayo Pogba fam miliyan 89 a 2016, ya tafi a 2022 ba a karɓi ko dala ba.

Nan dattawa sun fi gaskiya. Amma samari ma da tasu hujja. Su ke biyan kuɗin gidan kallo. Kuma daga 2014 zuwa 2024 ƙungiyar ba ta ci gasar ba ko sau ɗaya. Dattijo ya ga kofi da idonsa, yaro labari kawai ake ba shi.