Ƙarar Fanka Da Barcin Mutanen Abuja

Duk wanda ya taɓa kwana a Nyanya ko Kubwa ko Lugbe ya san yadda mutum kan farka da zarar an ɗauke wuta fanka ta tsaya, tun ma zafi bai kai ga taso masa ba. Yankewar ƙarar ce ke tayar da shi. Masana sun ce kunne ba ya barci, yana nan yana gadi dare farai, kuma abin da ke razana shi shi ne ƙarar da ta faɗo kwatsam, kamar bugun ƙofa ko haushin kare. Ƙara mai laushi wadda ba ta hawa ba ta sauka kuwa, sai ta lulluɓe waɗancan kamar bargo.

Mu ma'aikatan jarida wannan magana ta shafe mu ainun, domin sau da yawa sai dare ya raba muke rufe shafin ƙarshe, mu kwanta a lokacin da masu ruwa da 'yan makaranta ke shirin fitowa. Ni dai abin da ke cetona shi ne sautin ruwan sama a kan rufin kwano, wanda nake kunnawa a waya can ƙasa-ƙasa. Da shi nake barci, da shi kuma nake rubutu a ofis alhali talabijin na ta surutu a kaina. Waƙa ba ta yi mini wannan aiki. In na sa marigayi Mamman Shata, to, alƙalami ya huta ke nan, don kuwa hankali sai ya bi baitin, baki ya kama amshi. Sautin da za a yi aiki da shi lalle ne ya zama ba ya cewa komai.

Sai dai a yi hattara, mai karatu. Masu bincike ba su haɗu a kan cewa dabarar tana amfanar kowa ba, kuma wanda ya ƙure murya ya toshe kunnuwa da ita har asuba, ya kori wata cuta ne da wata.

Abin da ke damuna ya wuce nan. Lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina Abuja a 1976, cunkoson Ikko na cikin abin da aka gudo wa, aka kuma tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Yau ga shi shiru ya zama kayan masu hali, sai a Maitama da Asokoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 1999 cewa kada ƙara a ɗakin barci ta wuce ma'aunin desibel 30, Nijeriya ma ta kafa ƙa'idojin hana hayaniya a 2009, amma talakan da janaretan maƙwabci ke ruri a gindin tagarsa bai ga amfaninsu ba tukuna. Ruwan sama na waya rufe ƙarar kawai yake yi, janareta na nan inda yake.

Wani abin mamaki, da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, janaretocin layinmu suka riƙa mutuwa tun kafin sha biyun dare. A daminar nan na fara jin kukan kwaɗi daga rafin bayan gidajenmu, bayan shekara da shekaru ina zaune a wurin.