Bargon ƙyallaye da muka koyar a dogon hutu

Mu huɗu ne, biyu daga Gyaɗi-Gyaɗi, biyu daga Tarauni, duk mun gama sakandare muna zaman jiran sunayenmu su fito a jami'a. Wata rana ɗayarmu ta nuna mana bidiyo a waya: dattawan matan Amurka a cikin ƙaton jirgin ruwan yawon shaƙatawa, ana ratsa tekun Karebiyan, su kuwa sun jera kekunan ɗinki a wani falo, wata malama tana koya musu harhaɗa ƙyallaye su zama bargo. Sun biya kuɗin jirgi, sun kuma biya na aji. Muka yi ta dariya. Ƙyallen da telolin unguwarmu ke sharewa kullum da yamma, shi ne ake hawa teku a koyi ɗinkawa?

Da dariyar ta lafa sai muka ce me zai hana mu ma mu buɗe namu ajin. Dukkanmu mun taɓa zama shagon tela a hutun baya, mun iya tafi da keke. Jirginmu dai garejin mahaifin ɗayarmu ne, teku kuma ruwan Agusta da ke malalowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Yara goma sha ɗaya suka zo, yawancinsu 'yan ƙaramar sakandare, har da maza uku. Keke ɗaya gare mu, tsohuwar Butterfly, sauran aiki da allura da zare. Samun ƙyallen ma bai zo da sauƙin da muka zata ba. Mun bi shagunan Court Road har zuwa kasuwar Tarauni da buhu. Wasu suka ce mu kwashe, wasu suka ce masu cusa matashin kai sun riga mu, kuma su biya suke yi.

Aikin a baki ba wuya. A wanke ƙyallen tukuna, don jan atamfa yakan zuba ya ɓata na kusa da shi. A goge. A yanki kwali murabba'i mai inci huɗu a riƙa aunawa da shi. A haɗa atamfa da atamfa ko da shadda, a ajiye leshi da yadi mai santsi gefe. Sai a ɗinka layi-layi, ana barin kwatan inci a bakin kowane ƙyalle. Wannan kwatan incin shi ne ya kusa rusa mana aji.

Mun faɗe shi sau ɗaya ranar farko, muka wuce, don a wurinmu abu ne da hannu ya riga ya saba. Ba mu duba na kowa ba. A sati na biyu muka shimfiɗa layukan a tabarma za a haɗa, sai ga layin wata yarinya ya gaza na sauran da kusan tafin hannu. Tana cin rabin inci a kowane ɗinki, ƙyalle goma sha biyar a jere. Ita ce kuma wadda ta fi kowa zuwa da wuri. Tallan awara take yi, mahaifiyarta ta ɗaga mata sati uku kacal, bisa sharaɗin ta kawo abin da za a gani. Da muka ce sai an warware, ba ta ce uffan ba, ta juya baya tana warwarewa tana share hawaye da gefen hijabi. Laifinmu ne, mun kuma sani. Ranar har magariba muna tare da ita, kowa da reza a hannu.

Washegari muka ja layi da alli a kan kowane ƙyalle kafin a sa allura. Abin da ya kamata mu yi tun farko ke nan.

Matsala ta biyu ta zo wajen haɗa shimfiɗa uku: fuskar ƙyallaye a sama, tsohon zanen gado a tsakiya, yadi a ƙasa. Duk yadda muka ɗinka daga gefe sai tsakiyar ta tattare kamar fatar tsohuwar jaka. Wani dattijo maƙwabci da ke zama a dakali yana kallonmu ya leƙo ya ce, “Jikokina, daga cibiya ake farawa, a yi waje.” Muka ce, “Baba, a ina ka san wannan?” Ya ce a cikin gari ya tashi, gidan masu ɗinka lifidi.

Kunya ta kama mu. Mun sha ganin 'yan lifida a Hawan Daushe, doki da mahayi sanye da rigar nan mai kauri da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki, wadda a da take tare kibiya a fagen yaƙi. Bai taɓa zo mana a rai cewa ɗinkin da matan jirgin ke koya ɗan'uwan wannan ne ba. Baba ya zauna ya nuna wa yaran yadda ake kafa manyan ɗinki na wucin gadi kafin na ainihi, mazan uku da a da suke noƙewa suka matso gaba.

Barguna biyu muka gama kafin a koma makaranta. Zancen kasuwa kuwa, kada mu yaudare ku. Wata mata ta taya babban a ƙasa da kuɗin bargon kanti, ta ce ai tsumma ne. Aikin sati uku na hannu goma sha ɗaya! Muka hana. Yanzu yana akwatin ɗaya daga cikin yaran da ya tafi makarantar kwana, zai yi masa amfani idan hunturu ya kama.

Ƙaramin muka ba mai awara ta kai gida. Mahaifiyarta ta juya shi ciki da bai, ta ja ɗinkin da ƙarfi ta ga bai saki ba, sannan ta aiko a tambaye mu ko za a iya yin irinsa na jariri kafin sunan ƙanwarta. Yarinyar ta koma tallanta da safe. Da la'asar tana zuwa gareji, ta riga ta yanka ƙyalle arba'in, kowanne da layin allinsa.