Tokar Novocherkassk da Gilashi Mai Kumfa

Novocherkassk gari ne a kudancin Rasha, kimanin kilomita 40 daga Rostov, a ƙasar mayaƙan Kosak na Kogin Don. Shugabansu Matvei Platov ne ya kafa shi a 1805. Masu yawon buɗe ido babbar cocin garin ke kawo su, amma duk wanda ya zarce bayan gari zai tarar da tashar lantarki wadda ke ƙona kwal tun 1965, da kuma abin da ƙonawar ta bari. Toka da kashin kwal ake damawa da ruwa, a turo su ta bututu zuwa wani makeken fili, su daskare a nan. Shekara da shekaru ana zubawa, ga cin ƙasar noma, ga ƙura in iska ta taso.

A jami'ar fasaha ta garin, wadda aka buɗe a 1907, akwai masana da suka daɗe suna neman yadda wannan shara za ta yi amfani. Hujjarsu ita ce kashin kwal ɗan'uwan gilashi ne, domin sinadarin yashi ya fi yawa a jikinsa. Shi ya sa suka nufi gilashi mai kumfa, wanda Rashawa suka sani tun shekarun 1930, lokacin da Isaak Kitaigorodsky ya yi aiki a kansa.

Aikin ba shi da wani sirri. Ana niƙa fasassun kwalabe da kashin kwal su yi laushi liƙis, a kwaɓa da abin kumburi, wato giliserin da ruwan silikat, a danna a mazubi, a sa a tanda mai zafin da ya haura digiri 800. Da garin ya fara narkewa ya yi danƙo, sai abin kumburin ya saki iska, iskar ta rasa mafita, curin ya tashi kamar kwaɓin fanke. Daga nan sai haƙuri, don in aka yi gaggawar huce shi tsagewa zai yi.

Na ɗauki bulo guda a hannu. Launinsa toka-toka ne mai duhu, cike da ƙananan ramuka, kuma yana kartar yatsa. Ido na cewa dutse ne, hannu na cewa ba komai. An jefa shi a ruwa ya yi ta yawo a sama, an sa masa zarto ya yanku sumul. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ɓera ma ba ya samun abin ci a jikinsa. A ƙasar da ruwa ke ƙanƙara da hunturu, bangon da ke riƙe ɗumin ɗaki kuɗi ne a aljihu.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Kashin kwal ya fi kwalba taurin kai a wuta, saboda sinadarin alminiyon da ke cikinsa. Gwargwadon yadda aka ƙara shi, gwargwadon yadda kumfar ke raguwa, bulon ya yi nauyi, ya rage tare sanyi. Maganin shi ne ko a ƙara wuta, ko a zuba sinadarin da ke saukaka narkewa irin su boraks, kuma kowanne da farashinsa. Shi ya sa a yawancin haɗin kwalba ce ke da rinjaye.

A ganina, wanda ya ce wannan sana'a za ta share filin tokar nan ya yi zuƙi. Abu ne da kusan duk jikinsa iska ce, saboda haka kashin kwal kaɗan ke isa a yi bulo mai yawa, alhali tashar ba ta daina aman sabo ba. Masu siminti da masu shimfiɗa hanya su ne ke iya kwasar toka tirela-tirela. Manyan masana'antun Turai kuwa, irin na Foamglas da ke Tessenderlo a Beljiyam, har yanzu tsohon gilashi suke niƙawa, don shi sun san halinsa, kashin kwal kuma yakan canza da irin kwal ɗin da aka ƙona.